Ƙofar da Tambaya Ke Matsewa

Wani mafarki na yi daren jiya, har yanzu bai sake ni ba.

Aikina da rana shi ne zama gindin katangar makaranta ina kallon ƙadangaru. Dakta Maikano ne ya ɗauke ni, yana bincike kan yadda suke gyaɗa kai, ya ce ni ba na surutu, ba sa guduna. To a mafarkin ni ce a kan katangar, a cikin wani ofis. Ƙadangarun suna ƙasa kan kujeru, suna kallona. Ta taga ina ganin ruwan sama yana tashi daga ƙasa yana komawa gajimare, wata mata ta kife bokiti tana tarawa.

Babbansu wani jan gwada ne mai tabarau. Ya ce, "Malama Tasalla, sauko. Mun gano abu a kanki."

Na sauko na durƙusa.

"Mun duba ko kina atishawa ran Talata. Babu. Mun duba ko kina tsoron mai jar hula. Babu. Mun duba ko kina tauna ta hagu idan akwai baƙi. Babu. Haka muka yi ta yi tun damina. Daga ƙarshe Allah ya taimake mu. Kin fi sunkuyar da kai idan kina kallon gabas."

Duk suka gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa, don kar a ce ban da tarbiyya.

Wata akuya ce mai duba aikinsu, tana zaune a lungu tana cin labule. Ba ta ɗago ba ta ce, "Bambancin, ina girmansa?"

Aka shigo da shi a faranti, an rufe da faifai, makaɗa biyu na biye. Da aka buɗe, ƙwayar riɗi ce guda.

"Shi ke nan?" in ji akuya.

"Ranki ya daɗe, ƙarami ne, amma namu ne."

"Tambaya nawa kuka yi kafin ku same shi?"

Jan gwada ya cire tabarau ya goge. "Da ɗan dama."

"Wanda ya jefi bishiya sau ashirin ido rufe, dole ɗaya ya samu. Ku kai Malama Tasalla ƙofa."

Sai ga mu a wani dogon zaure, ƙofa ɗaya a ƙarshensa. Ta cikinta ina hango tsakar gidanmu, Inna tana tsince shinkafa. Akuya ta yi mini bayani a hankali, kamar ma'aikaciyar asibiti. Duk tambayar da aka yi a gidan nan, ƙofar tana matsewa kaɗan. Abin da ya wuce ta cikinta gaskiya ne, ya tafi gida. Abin da ya kasa wucewa dace ne kawai, sai a kai shi sito.

Ta nuna mini siton. Akwai wani zakara da ya taɓa cara daidai lokacin da aka kawo wuta, da wani mutum da ya yi tari aka ci ƙwallo. Suna zaune kan buhuna, ba mai zuwa ɗaukarsu. Mutumin ya matsa ya ba ni wuri.

Ƙofar saura kamar faɗin kafaɗata. Na ga in na karkace zan wuce. Na cire takalmi na riƙe.

"Kin shirya?" in ji jan gwada.

Ƙofar ta yi ƙiii.

"Kai, rufe mana baki," in ji akuya. "Ba ka ga abin da ka yi ba?"

Ƙiii.

Na fara tafiya da sauri ba tare da na yi gudu ba. Saura taku kaɗan, sai na ga Iya Dudu, ƙawar kakata, zaune a bakin ƙofar da tiren ƙuli-ƙulinta. Ta ɗago ta gan ni.

Na san abin da zai faru. Amma ban taɓa wuce babba a tsaye ba, ƙafafuna ma ba su iya ba. Na durƙusa.

"Iya, ina wuni?"

Ƙiii.

"Lafiya lau, 'yar nan. Ina gajiya? Ya mutan gidan? Ya Innarki da ƙafa? Ita Ladidi ta sauka kuwa? Me aka samu?"

Ƙofar tana ta kuka kamar ana yanka kwano. Ina amsawa ina kallonta ta gefen ido. Na so in ce Iya don Allah ya isa, bakina ya ce, "Ya kasuwa?"

"Kasuwa sai godiya. Wai ke ba kya ƙiba ne?"

Da ta sallame ni, abin da ya rage bai fi tsagar asusu ba. Na tura hannun dama, ya shige har kafaɗa. Sauran jikina ya ƙi. Ina jin iskar gidanmu a tafin hannuna. Na ɗaga wa Inna hannun, ba ta ɗago daga shinkafar ba.

Ƙadangarun suka taru suka yi shawara. Akuya ta zo ta shinshina kafaɗata, ta koma gefe.

"Hannun dama ya tabbata," ta ce. "A bar shi ya tafi gida. Sauran a kai sito."

Na buɗe baki in ce a cikin sauran akwai ni. Sai na ga kowa yana da abin yi, na bari sai sun gama.

Nan injin markaɗen maƙwabta ya tashi, na farka.