Jar Fitilar Ɗakin Masu Jego

Yusha'u mai wayarin ɗin lantarki, mazaunin Kurmin Mashi, shi ya ɗaura na'urorin jin hayaƙi a sabon asibitin haihuwa na Dakta Maliki da ke Unguwar Rimi. Asibitin bene ne, kuma iyakwandishan ɗinsa guda ɗaya ce ƙatuwa a ƙasa. Fankarta ce ke tura sanyi ta wani bututun kwano da ya bi cikin silin zuwa kowane ɗaki, wani bututun kuma ya zuƙo iskar ɗakunan ya mayar mata. A jikin waɗannan bututu Yusha'u ya yi aikinsa. Yakan kwanta rigingine a cikin silin, gumi na shiga masa ido, ya huda kwanon, ya zura siririn ƙarfe mai huji-huji ya fuskantar da hujin ta inda iska ke tahowa, ya liƙe gefen da danƙo don kada ta tsere. Sannan ya ja waya biyu zuwa ƙararrawa, biyu zuwa makunnin fanka. Da na'urar ta shaƙi hayaƙi, ƙararrawa ta ɗauka, fanka ta tsaya cak. A kowane ɗaki kuma ya kafa wata 'yar jar fitila kamar ƙwayar wake a jikin silin, tana ƙiftawa, alamar na'urar na da rai.

Bai ɗauki aikin da wasa ba, don ya taɓa ganin abin da hayaƙi ke yi. Yana saurayi wani ofis ya kama da wuta a cikin gari, aka fito da gawar mutane daga ɗakin da wuta ba ta ko lashi labulensa ba. Bututun sanyi ne ya kai musu hayaƙin har inda suke zaune. A asibitin Dakta Maliki kuwa, bango ɗaya ne tsakanin ɗakin fanka da ɗakin janareto, inda aka jera durom-durom na gas, tagogin sama kuma duk an yi musu waldar ƙarfe saboda ɓarayi.

Bai daɗe da gama aikin ba aka kwantar da Turai a hawa na sama. An yi mata tiyata an ciro ɗa bakwaini, aka sa shi a kwalba a ɗakin da ke kusa da nata. Ita ba ta iya sauko da ƙafarta daga gado sai an tallafe ta, shi kuma ɗan ba a ɗaga shi ko'ina, likita ma bai faɗi ranar sallama ba.

Turai ita ce 'yar farin Yusha'u. Tun da aka haife ta bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa ɗaukar ta a gaban mutane ba, haka ya tarar iyayensa na yi. In zai ambace ta sai ya ce yarinyar nan. Don haka ba zai iya zuwa dubiya kamar kowa ba. Sai ya riƙa saɓo tsaninsa kullum da hantsi, wai ya zo duba fitilu. Ya shiga ɗakinta, ya hau tsanin, ya taɓa fitilar da ba abin da ya same ta, ya saci kallon gadon ta wutsiyar ido, ya sauko.

Matsalar turaren wuta ce. Ba mai jegon da danginta ba sa zuwa da kasko. Nas-nas sun hana, sai matan suka koma ɓoye kaskon a ƙarƙashin gado ko a bayi, a rufe ƙofa a zuba turare, hayaƙin ya tashi ya bi bututu. Ƙararrawa ta ɗauka, fanka ta tsaya, a kira Yusha'u. Ranar farko kowa ya fito da gudu. Daga baya sai aka fara tsaki.

A gida ya sami matarsa Kaltume tana ɗaure kwanon kunun kanwa za ta asibiti.

“Don girman Allah, Kaltume, kada ki kunna turaren nan a ɗakin yarinyar nan.”

“Malam, jego ba turare? So kake dangin mijinta su shigo su ji ɗakin na ƙarni, su ce daga gidan da ba a san abin da ya kamata ba aka ɗauko ta?”

“Su ce mana. Ki shafa mata na kwalba.”

“Na kwalba ai na maza ne masu zuwa masallaci.” Ta ɗora kwanon a ka, ta dube shi. “To, na ji, ni ba zan kunna ba. Amma wannan abin naka da ba ya bambance turaren Barno da gobara, ina amfanin hancinsa?”

“Ba hanci gare shi ba. Hayaƙi kawai ya sani.”

“Ai shi ya sa na ce.”

Ta cika alƙawarinta. Amma ran suna, da aka yanka rago a gida ba mai jego ba jariri, sai uwar mijin Turai, Hajiya Asabe, ta zo asibiti daga Rigasa da 'yan rakiyarta. Yusha'u yana hawa bene da tsaninsa ya ji ƙamshin. Ya tura ƙofa, ga kasko a tsakar ɗaki, garwashi ja wur, Hajiya tana barbaɗa turare da yatsunta masu lalle, hayaƙi ya miƙe sambal zuwa ragar bututun da ke silin.

Ya durƙusa a bakin ƙofa ya gaida surukarsa.

“A'a, kakan yaro ne da kansa! Malam Yusha'u, an zo ganin aboki ke nan aka fake da tsani?” Matan suka kwashe da dariya. “Zo ka ji turaren da na kawo wa 'yata. Daga Maiduguri aka yo mini saƙonsa, ba irin na bakin kasuwa ba ne.”

Maganar na bakinsa. Abin da zai ce kawai shi ne, Hajiya a fitar da kaskon nan. Amma ina zai iya buɗe baki ya gyara wa surukarsa, a kan hidimar da take yi wa 'yar farinsa, a gaban mata? Ya dubi Kaltume, ta sunkuyar da kai tana gyara zanin gado.

“Allah ya saka da alheri, Hajiya,” ya ce. “Turare kam ya yi.”

Bai rufe baki ba ƙararrawa ta ɗauka.

Masu kwana biyu a asibitin ko motsi ba su yi ba. Amma a ɗakin ƙarshe akwai wata da aka yi wa aiki jiya, ba ta taɓa jin ƙarar ba. Ta suri ɗanta ta yi hanyar bene, jiri ya kwashe ta a kan matakala. Allah ya tsare ɗan, ita kuwa ɗinkinta ya ɓalle, aka koma da ita ɗakin tiyata tana zubar da jini, ga fanka a tsaye, ɗakin ya ɗau zafi kamar tanda.

Bayan La'asar Dakta Maliki ya aika a kira Yusha'u. Ya same shi zaune ya cire takalmi, rigar aikinsa ta jiƙe sharkaf, idanunsa sun yi ja. Bai ɗaga murya ba.

“Malam Yusha'u, matar ta rayu, alhamdu lillahi. Amma ina ɗinki gumi na ɗiga daga goshina. Ka cire abin nan.”

“Ranka ya daɗe, a hana turaren mana. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, hayaƙi ta ji.”

“Na san ba ta yi ƙarya ba. Na hana, nas-nas sun hana, har kasko na sa aka ƙwace, washegari aka zo da murfin tukunya. Kai ka hana a gidanka?”

Yusha'u ya kawar da kai.

“To ka gani.”

“A cire ƙararrawar kawai, ranka ya daɗe, a bar ta fanka. Ko ba a ji ƙara ba, in wuta ta tashi a ƙasa fankar za ta tsaya, hayaƙi ba zai hau sama ba.”

“Ta tsaya ina tsakiyar cikin mutum? Don wata ta turara zani? Gobarar da kake tsoro wataƙila ta zo, wataƙila ba ta zo ba. Wannan kuwa yau na gan ta da idona.” Ya murza fuskarsa da tafin hannu. “Ban ce ba ka da gaskiya ba. In an kwana biyu zan nemi wata dabara, ko a raba bututun ɗakin tiyata da na masu jego. Amma ba yanzu ba. In ba za ka iya ba, in sa Sanda.”

Sanda shi ne mai tayar da janareto, fulaya ɗaya gare shi, kuma duk wayar da ta dame shi datse ta yake yi daga tushe. In ya shiga silin ɗin nan, ba mai iya sake haɗa komai.

Dakta ya ɗago ya dube shi da kyau. “Af, an ce mini har da 'yarka a sama, mai ɗa a kwalba. Haka ne?”

Ga dama ta samu.  Da Yusha'u zai ce, ƙwarai 'yata ce, ba ta iya tafiya, tagarta ƙarfe ne, jikana ba ya ɗaguwa, ka dubi Allah ka bar mini wayar nan, wa ya sani ko likitan zai sassauta? Mutum ne mai tausayi. Amma ina! Shekara ashirin da wani abu bai taɓa cewa 'yata ba, bakin bai san hanyar ba.

“Marasa lafiya ai duk ɗaya ne, ranka ya daɗe,” ya ce, yana kallon siminti.

“Haka ne. To a yi kafin Magariba.”

Ya kafa tsani a baranda, ya ɗaga murfin silin ya shiga. Zafin ciki ya rufe shi. Ya ja ciki a kan katako har ya kai ga akwatin na'urar farko, ya kwance murfin da sukundireba. Aikinsa ne tsaf, wayoyin a jere, kowace da launinta. Ya kwance biyun ƙararrawa, ya naɗe bakinsu da tef. Ya daɗe yana riƙe da biyun fanka. Ya yi tunanin ya bar su, ya ce ya cire. Amma gobe wata za ta kunna turare, fanka ta tsaya, a gane, a turo Sanda. Ya kwance su, ya naɗe, ya lanƙwasa su a gefe yadda za a iya mayarwa in ranar ta zo. Ya san irin wannan ranar. Ya sha lanƙwasa waya a gine-ginen garin nan da sunan kafin a kwana biyu, har yau suna nan yadda ya bar su.

Wayar da ke ba na'urar wuta ita kaɗai ya bari, don kada ta lalace da zama. Haka ya bi sauran akwatunan ɗaya bayan ɗaya. Da ya gama, na'urorin na nan da ransu, suna jin hayaƙi, sai dai ba wanda za su gaya wa.

Ya sauko fari fat da ƙurar silin. Hajiya Asabe da mutanenta sun tafi, Kaltume ta sauka ɗebo ruwan zafi. Ƙofar ɗakin Turai a buɗe take, ya so ya wuce, sai ya ji muryarta ƙasa-ƙasa.

“Baba, sannu da aiki.”

Ya tsaya a bakin ƙofa, ya ba ta gefe. “Yauwa. Ya jikin?”

“Da sauƙi. An ce yau yaron ya sha nono a cokali.” Ta yi ɗan murmushi, ta nuna silin da haɓa. “Ɗazu da ƙarar nan ta tashi kowa na ta masifa, ni kuwa ko a jikina. Ai in na kasa barci ita nake kallo. In na ga tana ƙiftawa sai in ce aikin Baba ne, ba abin da zai same mu ni da shi, sai barci ya ɗauke ni.”

Ya ɗaga kai. Jar fitilar ta ƙifta, ta sake ƙiftawa. Daga wani ɗaki can ƙarshen baranda wani sabon ƙamshi ya fara tasowa, an sami labarin cire ƙararrawa ke nan. Ba abin da ya yi ƙara. Fanka na ta aikinta, sanyi na sauka a kan gadon. Sai aka ɗauke wuta, a ƙasa ya ji Sanda ya tayar da janareto, ginin ya ɗan girgiza.

“An gyara ta ko, Baba?”

“Allah ya ƙara sauƙi,” ya ce.

Ya saɓa tsaninsa ya sauka. A bakin get ya tsaya, ya juyo yana kallon tagogin sama da ƙarafansu, ya nemo tata, ta uku daga hagu. Aka kira sallah a masallacin layin. Ya jingine tsanin a jikin katanga ya nufi buta, yana tafe yana waiwaye.