Sunan da Ke Ƙasan Hoton

Ni na ɗauki hoton, ba na musu. Ranar gasar saran itace ce a garin Ulverstone da ke tsibirin Tasmania. Vern Hallinan yana zaune a layin gaba, ya cusa rabin mitfai a baki, miyar tumatir ta gangaro har haɓa, ido ɗaya a rufe. Na danna. Da na koma gida na saka shi a rumbun hotuna na kyauta na intanet, inda nake aikin sa kai tun da na bar koyarwa, don shafin tarihin Vern na intanet ba shi da hoto ko ɗaya.

Shekara talatin Vern ya yi yana karanta hasashen yanayi a talabijin, duk Tasmania babu wanda bai san gashin kansa ba. Ni kuwa tun muna aji uku na san shi, lokacin yana jan majina, don haka gashin bai taɓa ruɗa ni ba.

Sai da hoton ya shekara biyu yana yawo kafin ya ci karo da shi a jikin takardar gayyatar taron tsofaffin ma'aikata. Da hantsi ya faɗo mini kicin, ko ƙofa bai ƙwanƙwasa ba.

"Glenys, cire shi."

"Zauna ka sha shayi, tsoho."

"Ina sirrina? Ina mutuncina?"

"Wane sirri a gaban mutum dubu biyu? Da ta tagar ɗakinka na leƙa, da tuni an goge. A fili ka ci, a fili aka gan ka."

"Ai fuskata ce."

"Fuskar taka ce, hoton na wanda ya danna ne. Ni kuma na riga na sakar wa duniya, izinin da na bayar ba ya janyuwa. Bakin alƙalami ya bushe."

Ya zauna yana juya cokali. Can ya ce, "Shekarata saba'in da takwas. Ranar da na mutu, babu jaridar da za ta sayi hoto ga na banza a ajiye. Da wannan bakin za a yi sanarwar mutuwata."

Nan dariyata ta tsaya, don gaskiya ya faɗa, kuma wallahi ya ba ni tausayi. Na ce masa magani ɗaya ne: a saka wanda ya fi kyau a rumbun, a maye gurbin nawa a shafinsa. Na ce ya gyara zama in ɗauka. Ya shafa sanƙonsa, ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Washegari ya dawo da kwali guda cike da hotunansa. Ga shi cikin kwat yana nuna taswira: na gidan talabijin ne. Ga shi yana yanka kirtanin buɗe gada: na jarida ne. Na ranar aurensa ma, mai hoton ya mutu, haƙƙin yana hannun 'ya'yansa. Ashe duk kyan Vern na haya ne.

A ƙasan kwalin na ga albam ɗin matarsa Noeleen, wadda ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Mace ce ta kirki, amma ita da kyamara sai a hankali. In ba ta yanke maka kai ba, to babban yatsanta ya rufe ka.

"Waɗannan kam naka ne, gadonsu ka yi," na ce. "Amma ka sani, in ka saki ɗaya, kowa na iya ɗauka, ya yanka, ya buga a jikin riga."

Ya rufe albam ɗin. "A'a. Waɗannan namu ne, ni da ita."

Har ya ɗauki hularsa na ce, "Sharaɗi ɗaya ne kawai a kansu. Duk inda aka buga, dole a rubuta sunan wanda ya ɗauka."

Ya tsaya a bakin ƙofa. "Wato sunanki ne ke yawo a ƙarƙashin bakina?"

"Har Kanada ya je."

"In nata ne fa? Sunanta za su sa? Cikakke?"

"Dole."

Na san abin da ya tuna. Shekara arba'in da ɗaya suna tare, ita ke goge masa kwat, ita ke rina gashin nan a ɓoye, amma duk hoton da jarida ta buga sai dai a rubuta: Vern Hallinan da mai ɗakinsa.

Ya dawo ya buɗe albam. Wanda ya zaɓa, yana bakin teku da gajeren wando, ƙafafu kamar tsinken tsire, yana ɗaga kifin da bai kai tafin hannu ba. Daga gira zuwa sama Noeleen ta yanke.

"Vern, na mitfai ya fi wannan sau goma. Gashin ma babu."

"Saka."

Na saka. Bayan wata biyar jaridar garinmu ta yi labarin tsofaffin 'yan talabijin, kuma kamar yadda ya faɗa, na banza suka ɗauka. Gari ya yi ta dariya, mai sayar da kifi har manna shi ya yi a bango.

Vern ya zo shan shayi, ya buɗe mini walat ɗinsa. Ya yanko hoton, ya ninke kansa da kifin ta baya, ɗan layin ƙasa kaɗai ake gani: Hoto: Noeleen Hallinan.

"Kin gani," ya ce, "yau ta shiga jarida."