Hular Fannami a Bakin Madubi

A Gure, in ka tambayi wane ne Mushe Sahabi, wasu za su ce maka malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe, an turo shi daga Tawa, ya ajiye alli ya ƙi komawa gida. Wasu su ce ai mai leƙen sama ne. Masu shayi kuwa cewa suke, mutumin nan da ke magana da akuya.

Duka gaskiya ne. Bisa tudun yashi bayan gari yana da ɗan ɗaki, a ciki akwai madubin kallon taurari, kaurinsa kamar turmi, babu na biyunsa a yankin. Rufin ɗakin na kwano ne, kan ƙarfe yake tafiya. Da magariba a ture shi, da safe a mayar. Sai dai mutum biyu yake so, ɗaya nan ɗaya can, su tura lokaci guda, in ba haka ba ya karkace ya cije.

Na biyun shi ne Fannami, mai lambu a kwarin da ke ƙasan tudun. Ba sa magana. Ranar da marfin madubin ya ɓata, Mushe ya miƙa hannu a gaban baƙi, ya cire hular Juma'ar Fannami daga kansa, ya kifa wa madubin a baki. Ta zauna daram. Fannami bai karɓe ta ba, bai kuma daina zuwa ba, bakinsa kawai ya rufe. Akuyar matarsa Yabawa, mai bin sa ko'ina, ita ta zama manzo.

"Akuya, gaya masa in na ce uku ya tura."

"Akuya, gaya masa na ji."

Wata safiya cikin damina, bayan an kwana ana nuna wa mutane ramukan wata, suka dawo daga sallar asuba don su rufe. Mushe ya juya madubin ya ɗaure, ya sa masa hula. Saura rufi. Ya waiga, babu akuya. Yabawa ce tsaye da ƙwarya a hannu.

"Na aika da ita Kelle, gidan ƙanwata," in ji ta. "Nonon akuyar ya ƙafe. Dabba ba za ta iya da saƙon tsofaffi biyu ba."

Gabas kuwa ta yi baƙi ƙirin. In ruwa ya shiga madubin nan, shi ke nan, an gama kallo.

Mushe ya ɗauki buta ya ajiye a tsakani. "Buta, gaya masa hadari ya taso."

Fannami ya dubi matarsa. "Yabawa, gaya wa butar nan ban san ta ba."

"Malam, ni ba akuya ba ce."

Mushe ya tura shi kaɗai. Rufin ya yi ƙara, ya karkace, ya tsaya. Ya zaga ya daidaita shi, yana haki. Ya gwada aiken wani ƙadangare da ke kan bango, ƙadangaren ya gyaɗa kai, har Fannami ya fara miƙa hannu, sai iska ta kaɗo ya gudu da saƙon.

Ɗigon farko ya faɗo bisa hular. Duk su biyun suka zuba mata ido.

"Fannami," in ji Mushe, muryarsa kamar ta aro. "Ɗaya. Biyu."

"Uku," in ji Fannami.

Rufin ya tafi sumul ya rufe, su uku a ciki, ruwa ya sauko yana dukan kwano kamar za a fasa shi. Mushe ya cire hular daga madubin, ya kakkaɓe ta, ya sa tasa a wurin. Ta yi kaɗan, ta faɗi. Ya bar ta a ƙasa, ya mayar wa Fannami hularsa da hannu biyu, ya faɗi wani abu.

"Me ya ce?" Fannami ya tambayi Yabawa.

"Tambaye shi mana."

"Me ka ce, Mushe? Ruwa!"

Mushe ya maimaita. Fannami ya kara hannu a kunne. Sai Mushe Sahabi ya ja numfashi, ya ɗaga murya irin ta aji, har ta fi ruwan:

"Na ce na tuɓe maka hula a gaban mutane! Ban kyauta ba! Fannami, don Allah ka yafe mini!"