Jinin Baba ya girmi yayansa

Wata likita ce ke bincike a kan tsufa, tana neman dattawa. Ni kuwa ina da biyu a hannu: Babana da yayansa, Baffa.

Baffa tela ne, shekararsa saba'in da takwas, shagonsa a saman bene, har yau da keken ƙafa yake ɗinki. Baba saba'in da ɗaya, kuma tun da ya bar aikin ofis ya ƙulla amana da kujerar falo. Kujerar ta ɗauki siffarsa, ko baƙo ya zauna sai ya karkace hagu.

Su bakwai iyayensu suka haifa, su biyun nan suka rage. Baffa ya daɗe da tsara mutuwarsa kamar yadda yake yanka yadi. Ya ba Baba makullin shago ɗaya, ya gaya masa wanda za a ba keke, da 'yar da za a riƙa leƙawa saboda mijinta ba ya ji. Duk tsarin a kan Baba ya rataya.

Aka ɗebi jininsu. Aka ba su wani ƙarfe su matsa, aka sa su tashi daga kujera ba tare da dafawa ba, aka faɗa musu kalmomi biyar su maimaita in an jima. Baffa ya kawo biyar ɗin, ya ƙara da cewa rigar likita ta yi mata yawa a kafaɗa. Baba ya kawo uku, ɗaya ma shi ya ƙirƙiro ta.

Da muka koma karɓar sakamako, likita ta ce shekarun haihuwa daban, tsufan jiki daban. Akwai alamomi a jini da suke dubawa, kuma sau da yawa suna tafiya tare da ƙarfin jiki da kaifin tunani.

"Kiyasi ne fa, ba hukunci ba," in ji ta. "Kuma motsa jiki yana taimakawa."

Jinin Baffa sittin da tara. Na Baba tamanin da biyu.

A bakin mota Baffa ya buɗe ƙofar gaba, ya rusuna. "Bismillah, Yaya."

"Jinin wani suka auna," Baba ya ce.

Baffa ya yi ta dariya a hanya. Kafin mu iso layinmu dariyar ta ɗauke. Ta madubi na ga yana kallon ƙeyar Baba.

Washegari da safe Baffa ya zo, ko zama bai yi ba. Ya ɗauki rimot ɗin talabijin ya jefa a aljihu.

"Tashi."

"Ina za mu?"

"Ƙarshen titi."

"Me ake yi a can?"

"Juyowa."

Haka aka fara. Kullum Baffa a gaba, Baba a baya yana mita, ni a ƙarshe da gorar ruwa. Shago ya koma buɗewa a makare, masu kaya suna ƙorafi, Baffa ko a jikinsa. Da farko haushinsa na ji, na ɗauka fankama ce. Sai daga baya na gane tsoro ne.

Ran nan Baba ya zube a bencin tashar bas yana haki.

"Yaya, wai me na yi maka? Ka bar ni in huta mana."

Baffa ya tsaya a kansa. Muryarsa ba ta canza ba, irin wadda yake faɗa wa mutum awon wuyansa da ita.

"Biyar na binne. Ba zan binne na shida ba. Na riga ka zuwa, ni zan riga ka tafiya, makulli ma yana hannunka. Tashi."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Ya kai hannu zai dafa bencin, sai ya janye, ya naɗe hannuwan a ƙirji. Sau biyu yana yunƙurawa yana komawa. A na uku ya miƙe.

"Ban dafa ba," ya ce.

"Na gani," in ji Baffa, ya juya ya yi gaba da sauri don kada mu ga fuskarsa.