Ƙofar Jibrin Aguda

"Kada ka taɓa tabarmar nan, Maccido!"

Maccido baduku ya saki bakin tabarmar ya miƙe yana haki. Mutumin da tun jiya ko ruwa sai an ɗiga masa, yau shi ne da bakin tsawa.

Jibrin Aguda ke nan, maƙwabcinsa. Ubansa Bagobiri ne da aka kama aka ƙetare teku da shi zuwa Barazil. Can aka haifi Jibrin, can ya koyi gini. Ya sauka Ikko, inda ake kiran irinsa da suka dawo daga Barazil Aguda, daga baya ya biyo Turawa Sakkwato yana gina musu bariki, har tsufa ya riske shi ba mata ba ɗa. Salla kam ba ta wuce shi, sai dai ya zo da camfin ƙasar haihuwarsa buhu-buhu. Takalmi ya kife, sai ya ruga ya birkice shi, wai uwar mai takalmin za ta mutu. Ranar da Hajjo, matar Maccido, ta aika masa nono bayan ya sha mangwaro, cewa ya yi kashe shi take nema.

Duk wannan dariya yake ba Maccido. Na yau ne ba na dariya ba. Liman ya leƙo da safe ya ce a juya mara lafiya ya fuskanci alƙibla, don lokaci ya matso. To, in ya kwanta ta dama yana duban gabas, ƙafafunsa wajen ƙofa za su miƙe, domin ita ƙofar arewa take kallo.

"Gawa kaɗai ke miƙe ƙafa ga ƙofa," in ji Jibrin. "Ni ban mutu ba."

"Baba Jibrin, mutuwa ba ta duban ƙahwa. Ko ka rataye su ga wuya, in ta zaka ta zaka."

"To ta zo da kanta. Ba ni zan kira ta ba."

Maccido ya ɗauko zana ya kare ƙofar. Tsohon ya buɗe ido ɗaya ya duba.

"Ƙofa ce da riga."

Nan tsoro ya kama Maccido da gaske. Yana son tsohon nan, kuma bai ga yadda zai yafe wa kansa ba in ya bar shi ya cika da ƙeyarsa ga alƙibla, kamar wanda ba shi da kowa. Ya waiga, ya ga digar Jibrin jingine a lungu. Ya ɗauke ta ya zagaya bangon yamma.

Bugu na farko ya tara unguwa. Hajjo ta ɗaga murya ta bayan katanga.

"Maccido, haukacewa kay yi? Mutum na jinya kana rushe mai ɗaki?"

"Kawo min ruwa, ke dai! Ƙasa za mu kwaɓawa."

Kafin rana ta take, sabuwar ƙofa ta buɗe a yamma, maƙwabta na miƙo tubali, Maccido na toshe tsohuwar. Mai jinya kuwa ya zama uban aiki daga kwance.

"Tubalin nan ya karkace. Duk zaman da muka yi, kallon me kake yi?"

"Ni baduku na, Baba. Hwata nis sani."

"Shi ya sa. Cire ka sake."

Ya cire ya sake, yana haɗiye abin da ya zo masa baki. Da aka shafe bangon, tsohon ya dube shi ya gyaɗa kai. Aka ja tabarmar, ƙafafu suka miƙe wa bango, fuska ta dubi gabas. Ya yi kalmar shahada tas, har liman ya share hawaye. Ya lumshe ido, aka ɗauka ya cika. Sai idon nan ya sake buɗewa.

"Maccido. Ta ina za ku fitar da ni?"

"Ga sabuwar ƙohwa nan, Baba."

"A'a. Ta inda mutum ya shiga, ta nan yake fita." Ya numfasa. "Ubana ta bayan danga aka fitar da shi daga gidansu. Bai sake ganin gida ba."

Maccido ya dubi bangon da ya gama shafewa, ya dubi hannuwansa, taɓo har gwiwar hannu. Ya buɗe baki zai yi faɗa, sai ya fasa.

"To, na jiya, Baba," ya ce.

Bayan azahar Jibrin ya cika. Da aka gama wanka da sutura, liman ya ce a ɗauka ta yamma, rana na tafiya.

"Ku ɗan dakata, Malam," in ji Maccido.

Ya durƙusa gaban bangon arewa. Ƙasar ko bushewa ba ta yi ba. Ya sa hannu ya dinga zare tubalan yana jerawa a gefe, har iska ta shigo ta tsohuwar ƙofar ta ɗaga gefen likkafanin.