Ƙasar Bayan Ɗakin Yara

Auta ta sake juye bokitin ruwa a ramin da ta haƙa bayan ɗakin yara, ta tsuguna tana kallo. Sana'arta ke nan, tsara lambun gida, kuma ba ta dasa ko tsinke sai ta ga yadda ƙasa ke shan ruwa. Ƙasar kirki takan ɗan ja rai. Wannan kuwa zuƙa ɗaya ta yi masa, har da wani ƙugi can ciki kamar ana cika randa.

"Kin gani ko?" in ji yayanta, mai gidan, yana washe baki. "Ko kwana aka yi ana ruwa, nan ba ya kwanciya. Shi ya sa na karkato duk indararon gidan nan wurin."

Ta ɗauko rodi ta soka a gindin ramin. Sulɓ, ya shige har sai da hannunta ya taɓa ƙasa. Ta ɗaga kai, sai ga tsaga a bangon ɗakin, an shafe ta da siminti ta sake buɗewa.

"Yaya, kafin ginin nan, mene ne a wurin?"

"Wai da ana ɗibar ƙasar gini, aka cike."

"Ba a cike ba, rufe bakinsa aka yi. Kogo ne a ƙasa, ruwan da kake turowa yana cin sa. Ya shiga ƙarƙashin ɗakin nan."

Fara'arsa ta ɗauke. Ya waiga, ya rage murya.

"Ke Auta, lambu na kira ki ki yi. Duk gumin rayuwata yana gidan nan. Ki shuka ciyawa a kai kawai. Kada antinki ta ji."

Tausayinsa ya kama ta, tsoro kuma ya fi tausayin yawa. Tun tana goye ba ta taɓa musa masa ba. Ga shi gabas ta haɗe baƙi ƙirin, iska har ta soma kaɗa shanya. A cikin ɗakin kuwa, yara na ta tsalle a kan gado.

Matar Yaya ta leƙo ta taga. "Malama mai furanni, yaya? Ƙasar tamu ta ci jarrabawa?"

Auta ta goge hannu a zaninta, ba ta kalli yayanta ba.

"Anti, haɗa wa yara kayansu. Yau a wurina za su kwana."

"Lafiya?"

Yayyafi ya fara bugun kwano. Yaya ya daɗe yana kallon bangon.

"Ki haɗa har da naki," ya ce wa matarsa.