Kafin a Sa Almakashi

Karimatu ta ja ƙofar durowar kayan, sai ta tarar da ƙarafan rataya suna lilo, babu komai a jikinsu. Ta rufe, ta sake buɗewa, kamar hakan zai dawo da kayan. Babu manyan riguna, babu kaftani ko ɗaya. Har farar shaddar nan mai aikin hannu da marigayi mijinta Zulkiflu yake sawa ranar Idi ta yi ɓatan dabo. Huluna kawai aka bari a jere a sama.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," ta ce. Ta zauna a bakin gado.

Tun da aka yi rasuwar ba ta buɗe wannan ɓangaren ba, zuciyarta ba ta iya ba. Yau ma dole ce ta sa. Bayan azahar Yaya Shafi'u, wan marigayin, zai iso da malami daga masallacin Regent's Park na nan London a raba gado, gobe kuma ya hau jirgi ya koma Zariya. Shi kuwa mutum ne da ko allura ba ya yarda ta salwanta a kayan magada. Jiya a waya sai da ya nanata mata.

"Ko silifas ne a fito da shi, Karimatu, haƙƙin mutane ne. Ita kuma Hajiya, tun da ta rasa ɗan nan ba ta roƙi komai ba sai farar rigar Idinsa. Ita ta sa aka yi masa aikinta. In na koma babu ita, ban san da wane ido zan kalli tsohuwar nan ba."

Ɓarawo dai ba ya kwashe riguna ya bar talabijin. Karimatu ta miƙe ta tura ɗakin Zarah, 'yarsu tilo, mai shekara sha shida. Gado a gyare, babu kowa, ga shi Asabar ce ba makaranta. Ta kira wayarta, ba a ɗauka ba. Ta buɗe manhajar nan da marigayin ya sa musu don su riƙa ganin inda yarinyar take. Ɗigon da ke nuna ta yana can unguwar Catford, a kan wani shagon ɗinkin bargo.

Ta danna hotunan shagon. Barguna ne na haɗe-haɗen ƙyallaye, irin wanda Turawa ke cewa quilt, launi kala-kala, masu kyau ba laifi. Sai ta zo kan hoton wata tsohuwar Baturiya ta rungume nata, a ƙasa an rubuta cewa da rigunan mijinta da ya rasu aka ɗinka shi. Karimatu ta ƙara girman hoton. A tsakiyar bargon ga aljihun riga nan da maɓallinsa, an yanko shi murabba'i.

Tana cikin takaba, ko bakin titi ba ta taka ba tun ranar da aka kai marigayin makwancinsa. Ta tsaya a ƙofar flat ɗin da hijabi a hannu, tana jin kamar duk mutanen unguwarsu ta Plumstead sun leƙo ta taga suna jira su ga fitarta. Daga baya ta ce Allah na gani larura ce, ta zura hijabin, ta sauka.

Bas ɗin London kuwa ya san ranar da kake sauri. Duk tasha sai ya tsaya, duk fitila sai ta yi masa ja, ga wani dattijo da ya ɗauki lokacinsa yana lalube a aljihu yana neman kati. Karimatu ta takure a kujerar baya ta ja hijabi har kan hanci, kar wata 'yar gida ta gane ta. Tana rufe ido sai ta ga almakashi yana ratsa wuyan farar rigar. Ba ma Yaya Shafi'u kaɗai take tsoro ba. Za a ce matar Zulkiflu ta ci amanar magada tun ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba, kuma maganar za ta riga shi isa Zariya. Ga haƙƙin tsohuwa, wanda ba ta san da me ake biyan irinsa ba.

Wayar ta yi ƙara. Yaya Shafi'u ne. Ta bari ta katse, ya sake kira.

"Salamu alaikum, Yaya. Ina kwana?"

"Lafiya. Na yi confirming da malam, muna tafe bayan salla. Ƙarar mota nake ji haka? Kina ina ne?"

"Na ɗan fita ne, Yaya. Larura ce."

"Cikin takaba?"

"Yanzu zan dawo, in sha Allahu."

Ya ce, "To, Allah ya kyauta," ya kashe.

Shagon ɗan ƙarami ne, a matse tsakanin mai aski da mai sayar da kifi. Tana tura ƙofa ƙararrawa ta buga, ɗumi da ƙamshin guga suka tare ta. Yadudduka a naɗe tun daga ƙasa har rufi, an jera su launi na bin launi. Wasu tsofaffin mata sun kewaye wani teburi suna ɗinkin hannu, da kofunan shayi da biskit a gabansu, suna hira suna dariya abinsu. Ɗaya daga cikinsu tana yanka yadi, ƙyas, ƙyas, kowace ƙara kamar a jikin Karimatu ake yi.

Wata mata mai furfura da tef ɗin awo a wuya ta taso, ta dube ta sau ɗaya.

"Ke ce maman Zarah," ta ce da Hausar Jos. "Ni ce Chundung, mai shagon. Sannu, Mama. Ya haƙuri?"

Karimatu ko gaisuwar ba ta amsa ba. "Ina kayan mijina? Kun yanka?"

"Zo ki gani da idonki."

Ta bi ta ɗakin ciki. Zarah na zaune gaban wani dogon teburi da ƙaton almakashi a hannu, ido ya yi jawur. Rigunan na gefe a ninke. Farar shaddar ce a shimfiɗe a tsakiya, kuma tun daga wuya har ƙasa layuka sun ratsa ta, sun tsaga aikin hannun gida-gida.

Karimatu ta yi wata ƙara da ita kanta ba ta san tana da ita ba. Hirar tsofaffin ta ɗauke ɗif. Ta taka da ƙyar ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya, tana jiran ta ji yadin ya rabu. Bai rabu ba. Ta ɗago yatsan, ya yi shuɗi.

"Alli ne, Mama," in ji Chundung. "Da an kaɗe zai fita. Zauna, kar ki faɗi mini a nan."

Ta zauna. Aka sa mata kofin shayi a hannu, ta riƙe shi ba ta sha ba.

"A shagon nan ba na fara yanka kayan mamaci," Chundung ta ci gaba. "Mai kaya ne zai sa almakashin farko da hannunsa, sai mu ƙarasa. Wani a ranar yake yi. Wani sai ya yi ta zuwa, ya sha tea, ya kalli kayan, ya tafi. Wani ma ya kwashe abinsa, ba na riƙe kowa. Yarinyar nan kullum daga school nan take zuwa. Ta zana, ta goge, ta sa fuska cikin rigar ta yi kuka, waɗancan kakannin su ba ta biskit. Na tambaye ta ko kin sani, ta ce e. Ni ma 'yar Najeriya ce, na san ba haka ake kwaso kayan uba ba, shi ya sa ban taɓa ce mata ta yi sauri ba."

Da tsoron ya ɗan lafa sai haushi ya taso, kamar yadda ya saba.

"Zarah, kin san abin da kika kusa jawo mini? Ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa! Kayan gado ne wannan, ba naki ba ne, ba nawa ba ne sai an raba. Rigar nan kakarki take jira. Yau da kin yanka ta, ina zan sa kaina?"

"Na ji ku jiya," Zarah ta ce, da Hausarta ta haihuwar London da take karyewa a tsakiya. "A speaker kika sa. Baba Shafi'u ya ce mace ba ta sa babbar riga, za a yi valuing a ba ni kuɗi, su tafi da kayan Nigeria. Duka, Mummy. Everything. Shi ya sa na ce yau sai na yanka." Ta dubi almakashin. "Tun safe nake nan. Na kasa."

"Me ya hana ki gaya mini tun farko?"

"Ke kullum kina cewa kar Baba Shafi'u ya ji, kar dangin Daddy su ce. Ni ba ki tambaye ni ba."

Gaskiya ce, kuma ta yi wa Karimatu zafi. Tun rasuwar take ta lallaɓa mutanen Zariya, yarinyar da ke ɗakin da ke kusa da nata kuwa sai da ta zo wajen baƙi kafin ta sami inda za ta yi kukan ubanta. Jiya ma da ya kawo maganar yi wa kayan kuɗi, "To, Yaya" kawai ta ce, alhali tun tana islamiyya ta haddace cewa 'ya mace tilo rabin gadon ubanta nata ne. Duk waɗanda za su zauna a falonta yau, babu wanda ya kai yarinyar nan haƙƙi a kayan.

Ta ajiye kofin. Ta zare almakashin daga hannun Zarah a hankali ta ɗora a kan teburi. Chundung ta kawo ɗan buroshi, su ukun suka kaɗe allin har rigar ta koma fara tas, suka ninke ta a kan sauran.

Wayar ta sake yin ƙara. Zarah ta ga sunan, ta kalli uwarta. Karimatu ta jawo wayar. Ta ɗauka.

"Mun idar da salla, ga mu nan tafe," in ji Yaya Shafi'u. "Kin koma?"

"Muna hanya, Yaya, ni da Zarah, da kayan. Babu abin da ya same su. Rigar Hajiya tana nan lafiya, kai za ka kai mata." Ta dubi Zarah. "Sai dai ina da magana. Rabon Zarah a rigunan, kar a yi masa kuɗi. Rigunan take so."

"Ikon Allah. Me yarinya mace za ta yi da rigunan maza?"

Karimatu ta kama hannun Zarah ta riƙe gam.

"Yanka su za ta yi, Yaya," ta ce.